Kaucen Kawu Haladu

Duk wanda ya ƙetare ruwan Tiga ta ɓangarenmu a shekarun farko na cikarsa ya san Kawu Haladu, ko da bai riƙe sunansa ba. Abin da zai tuna shi ne wani dattijo dogo, mai faɗin kafaɗa, wanda yake tuƙa kwalekwale miƙe kamar an ja zare, sai an kai tsakiyar ruwa, inda ido ba ya ganin dutse ko tsibiri, ya danna filafili ya jefa hancin jirgi hagu farat ɗaya. Ƙanin mahaifiyata ne. Na ɗauki alƙalami domin waɗanda suka san dalilin wannan kaucewa suna ƙarewa, waɗanda suka taso kuma labarin ya iso musu a gutsure, sun mai da shi abin dariya. Boko bai same ni da ƙuruciya ba; da gemuna na zauna a ajin yaƙi da jahilci a Bebeji. Amma abin da ke cikin takardar nan hannuna ne ya rubuta shi, ban yi wa kowa shifta ba, kuma inda ban gani da idona ba zan faɗi wanda ya gaya mini.

Garinmu na asali sunansa Tsamiyar Dikko, ƙauye ne a cikin kwari, inda ƙasar Bebeji take gangarawa ta nufi ta Tudun Wada. An ce wani Bafulatani mai suna Dikko ne ya fara sauka da shanunsa a gindin wata tsamiya, mutane suka biyo shi. A zamaninmu tsamiyar ta tsufa ƙwarai, tana arewa da gari, a bakin maƙabarta. Muna da fadama mai rake da albasa, muna da rijiya mai sanyi, muna da karofi inda marina suke rini, wanda warinsa yake tarar baƙo tun kafin ya ga katangar farko. Da yamma, idan mabuga suka fara dukan tufa, mata suna daka, ana koro shanu daga fadama, sai sautin ya haɗu ya zama abu guda. Na zauna a Kano na ɗan lokaci, na je Zariya, ban ji irinsa ba.

Kawu Haladu manomi ne kamar kowa, da rani kuma yakan ɗora barkono a jakuna ya kai kasuwar Ƙafin Maiyaki. Amma abin da gari ya san shi da shi shi ne haƙar kabari. Ba gado ya yi ba, ba a kuma biyansa. Tun yana saurayi ya ga dattijon da yake aikin ya gaza, ya karɓi dagi daga hannunsa, bai sake ajiyewa ba. Da an yi rasuwa sai a kawo masa karan da aka auna tsawon mamaci da shi, ya ɗauka ya wuce, ba ya tsayawa gaisuwa sai ya dawo. Yakan fitar da uwar kabari da faɗinta, sa'an nan ya yanka ɗan kabari a ciki daidai kafaɗa, gefensa sumul kamar an shafe da hannu. Babu rubutu a maƙabartarmu, amma shi ya san makwancin kowa: wannan na wane ne, wancan na jaririn wance ne wanda bai kai suna ba.

Abu guda ne ba ya yafewa, wato a taka kabari ko a tsallaka shi. Takalminsa a gindin tsamiya yake cire shi. Yaran da suke yanke hanya ta ciki zuwa fadama sun san gudunsa, awaki ma sun sani. Yakan ce wanda yake kwance ba shi da bakin da zai ce a matsa masa, saboda haka dole wani ya faɗa a madadinsa. Matarsa Asibi ta rasu bayan ƙarewar yaƙin basasa da kaɗan, ciwon ciki na 'yan kwanaki. Maza suka so su karɓe masa dagi a ranar, ya ƙi. Ina cikin masu kwashe ƙasa, na ga yadda ya daɗe yana gyara gefen ramin bayan ya riga ya gyaru. Bai sake aure ba.

Ba a jima ba sai ga masu awo da turakunsu masu jan fenti. A shekarar da motoci suka koma hannun dama magana ta tabbata a wajenmu: za a tare kogi a Tiga, kwarinmu zai zama ruwa. Aka nuna mana wani tudu ta yamma, aka ce nan ne sabon gari. Mutane suka yi ta maganar gonaki da rumbuna da azarar ɗakuna. Kawu Haladu tambaya ɗaya ya kai wa limaminmu, Malam Jibril: su na ƙasa fa, yaya za a yi da su? Liman ya ce a bar su inda aka ba da amanarsu. Mai ƙasa Shi ne Mai ruwa, ba za su ɓace Masa ba. Ranar Juma'ar ƙarshe gari duka ya tafi maƙabarta, tsofaffin mata suka tsaya daga bayan shinge, aka yi addu'a mai tsawo. Da motocin kwasar kaya suka zo, shi ne na ƙarshen hawa, da daginsa a hannu.

Ruwa ya zo a hankali, ba kamar yadda muka zata ba. Ya ci fadama, ya ci karofi, ya shiga gari ta ƙofar kowa. Mukan tsaya a kan tudu mu duba, har ranar da babu sauran abin dubawa. Sai muka ga wani reshe na ruwan ya raba mu da gonakinmu na jigawa da suke gabas, da hanyar kasuwar Burumburum. Zagayawa da ƙafa tana cin rabin yini. Mu kuwa ruwan da muka sani bai wuce rafin da ake naɗe wando a shiga ba. Sarkawa masunta suka zo daga wajen Yawuri da jiragensu da komarsu ta kamun kifi, suka kafa bukkoki a gaɓa, suka fara ƙetarar da mu. Babbansu wani ne mai suna Sale, mutum mai fara'a, wanda Hausarsa ta yamma take ba yaranmu dariya.

Kawu Haladu ya ƙi shiga jirgin kowa. Yakan zauna a gaɓa yana kallon Sarkawa suna kai da kawowa miƙe a kan ruwa, fuskarsa a ɗaure. Na tambaye shi ko tsoron ruwa yake yi. Ya ce ba tsoro ba ne. Baƙi ne, ba su san abin da yake ƙasansu ba, kuma ba laifinsu ba ne. Amma idan ya zama dole mutanenmu su ƙetara, ya kamata wanda ya sani ya ɗauke su, kada ɗa ya wuce ta kan uwarsa yana hira. Kwana kaɗan bayan wannan aka gan shi durƙushe a jirgin Sale, Sale yana nuna masa yadda ake riƙe filafili. A lokacin ya ba hamsin baya da nisa. Ya kife, ya sha ruwa, aka tsamo shi, ya koma. Kafin kaka ya sayar da jakunansa, Sale ya sa aka kawo masa kwalekwale.

Saura sanin wurin, domin fuskar ruwa ɗaya ce daga wannan gaɓa zuwa waccan. A tsakiyar reshen akwai kan wata bishiya da ya rage a sama, ganyensa ya zube, ɓawonsa ya saɓule, rassan sun yi fari kamar ƙashi. Kawu Haladu ya tara dattawan gari a gaɓa, har da Liman, ya nuna musu. Ba a yi gardama ba. Kowa ya ce tsamiya ce. Wace bishiya ce take da girman da za ta fi ruwan nan, in ba wadda gari ya ci sunanta ba? Ina wurin, ni ma na ce ita ce. Da wannan ya tsara hanyarsa. A gaɓar gabas akwai wani dutse mai tsagi a kansa. Idan mai tuƙi ya taso daga wajenmu, akwai inda kan bishiyar yake daidaita da tsagin dutsen. Nan, a lissafin Kawu, bakin shingen maƙabarta yake. Dama gari ne, da turaku da guntayen azara masu huda jirgi. Hagu kuwa gonaki ne fili. Saboda haka hagu yake kaucewa, ya yi zagaye, ya komo kan hanya.

An sha tambayarsa me ya sa ba zai fara karkata tun daga nesa ba, a hankali. Yakan ce alamun biyu ba sa haɗuwa a hankali, lokaci ɗaya suke haɗuwa, kuma ba zai tsawaita wa masu kaya hanya da zato ba. Sakamakon haka, a farkon lamarin ƙwarya nawa ta kife, hula nawa ta tafi ruwa. Wadda ta fi kowa ƙorafi ita ce Goggo Baraka, taubashiyarsa, mai sayar da daddawa a Burumburum. Tun suna yara suke wasan taubasai, tsufa bai rage komai ba. Ranar da ya fara jiƙa mata zane, sai da ta gama matsewa sa'an nan ta dube shi.

"Haladu, jakinka ma da ya fi ka hankali bai taɓa kayar mini da kaya ba. A mayar da shi, a sayar da kai."

"Wa zai saye ni? Ke aka kai kasuwa tun bara aka rasa mai tayawa."

"To, bawana, gobe in za ka yi wannan haukan ka yi gyaran murya tukuna."

Ya kuwa ɗauki shawarar, ko da yake bai taɓa yarda cewa tata ce ba. Daga ranar, idan an kusa wurin, sai ya yi gyaran murya sau ɗaya. Ba a daɗe ba ma aka daina bukatarsa. Mutanenmu suka haddace wurin da jikinsu. Hira takan mutu da kanta, mata su dafe ƙorai, maza su riƙe huluna, kowa ya jingina dama kafin filafili ya shiga ruwa. Sai ka ji ana yi wa na ƙasa sallama a hankali, uwa ta nuna wa ɗanta ruwa ta hannun dama ta ce kakansa yana can. Ban san wani wuri a duniya da na ji garinmu yana raye kamar a cikin wannan ɗan shirun ba. Aka sa wa wurin suna Kaucen Haladu.

Wata rana ina cikin jirgin, sai ga wani ma'aikacin gwamnati mai kula da masunta a jirginsa mai inji. Ya ga yadda muka yi, ya rage gudu ya leƙa ruwa yana neman abin da muka guje wa, bai ga komai ba. Ya yi dariya ya ce wa abokin tafiyarsa wata kalma da Turanci, a kunnena kamar suwab. Na riƙe ta har ajin yamma, na kai wa malaminmu, Malam Wada, mutumin Kiru. Ya ce kalma ce ta wanda yake tafiya a kan layinsa, sai ya bar shi nan take don kada ya buge wani abu, bai tsaya ba, bai kuma koma baya ba. Ita ake faɗa wa direban da akuya ta faɗo masa, ko mai keken da ya ga rami. Na auna ta da namu. Juyawa komawa ce. Ratsewa da niyya ake yinta tun daga nesa. Bauɗewa tana da ƙanshin laifi, ita ake faɗa wa wanda ya bar hanyar kirki. Kaucewa ce ta dace, kuma mun riga mun sa ta ba tare da mun jira kowa ba. Da na ba Kawu labari, bai nuna sha'awa ba. Tambaya kawai ya yi ko Turawa suna yin hakan saboda matattu. Na ce Malam Wada bai ambata ba.

Ba kowa ne ya yi haƙuri da zagayen ba. Samari masu saurin zuwa gona suka koma jiragen Sarkawa, waɗanda suke tafiya miƙe. Wasu suka kai maganar gaban Liman. Malam Jibril ya ce shi bai ga laifi a kan wanda ya wuce ta kan ruwa ba, domin tsakanin jirgi da kabari akwai zurfin da ya fi tsawon mutum, wucewa ba takawa ba ce. Aka kawo wa Kawu wannan amsa da murna, ana tsammanin an sauke masa nauyi. Ya ce Malam ya fi shi sani, kuma ba zai ce wa kowa ya yi zunubi ba. Amma shi da hannunsa ya kwantar da Asibi, ya san inda fuskarta take duba, ba zai ratsa ta kanta da buhun gero ba. Dattawa da mata suka ci gaba da shiga jirginsa. Haka aka yi damina da rani, aka sake yin wasu.

Sai wata shekara damina ta yi ƙaranci a wajenmu, ruwan bai cika ba, da rani ya yi nisa kuma ya ja baya fiye da yadda muka taɓa gani. Reshenmu ba shi da zurfi sosai, saboda haka ya tsotse har ƙasa ta bayyana, baƙa, a tsattsage. Labari ya zaga gari cewa Tsamiyar Dikko ta fito. Da ƙasar ta yi ƙarfin ɗaukar mutum, muka gangara da hantsi, Kawu Haladu a gaba, ni da Liman da Goggo Baraka da wasu a baya. Katangu sun narke sun zama tudun laka, amma mutane suna gane gidajensu ta murhu da bakin rijiya. Wata mata ta sami dutsen niƙanta ta zauna kusa da shi tana kuka. Kawu bai tsaya ko'ina ba. Ya nufi bishiyar kai tsaye, da ya kusa ya sunkuya ya cire takalmi.

Goggo Baraka ce ta fara gani. Ta tsaya, ta nuna ƙasa da sandarta. A gindin bishiyar akwai ramuka zagayayyu a jere, bakinsu a dafe, cike da laka. Ramukan rini ne. Muna tsaye ne a karofi, bishiyar kuwa maɗacin da marina suke shanya a inuwarsa ne. Mu mun san itatuwanmu daga ƙasa, ta ganye da inuwa da 'ya'ya. Babu wanda ya taɓa ganin kansu tsirara daga sama. Tsamiya ta fi shi kauri da suna, shi ya fi ta tsawo, kuma babu wanda ya taɓa auna wannan domin babu abin da ya sa a auna.

Kawu Haladu ya ɗaga kai ya nemi dutsen gabas, ya sami tsaginsa. Ya matsa har bishiyar ta daidaita da shi. Sa'an nan ya juya hagu ya fara tafiya, da irin zagayen da jirginsa yake yi, takalminsa a hannu, muna biye. Ba mu yi nisa ba muka tarar da tsamiya a kwance. Cikinta dama kogo ne, ruwa ya kayar da ita tun farko, shi ya sa ba ta taɓa nunawa ba. Bayanta ga fasassun tukwanen da ake rufe ɗan kabari da su, sun fito a layi-layi inda ruwa ya share ƙasar sama. Hanyar zagayensa ta shiga ta bakin maƙabarta, ta ratsa tsakiyarta, ta fita ta ɗaya gefen. Sarkawa da suke tafiya miƙe, ta kan karofi suke wucewa. A duk masu jirgi a wannan ruwa, shi kaɗai ne yake bi ta kan kaburbura, safe da yamma, da mu a ciki muna yi wa ramukan rini sallama.

Ya tsaya a bakin layin farko, bai shiga ba. Daga nan ya nuna wani wuri da haɓa, inda rabin dutsen niƙa yake kafe a ƙasa. Ya ce na Asibi ne, shi ya kafa shi a wajen kanta. Sa'an nan ya tsuguna. Liman ya matso ya yi masa magana a hankali, ya tuna masa cewa aiki da niyya ake auna shi, kuma wanda ya yi ƙoƙari ya kuskure ba a kama shi. Kawu ya ce haka ne, Allah gafarta Malam. Ya sake cewa haka ne. Amma bai tashi ba. Goggo Baraka ta daɗe tana tsaye a bayansa. Na jira in ji zolaya, domin ban taɓa ganin ta bar dama irin wannan ta wuce ba.

"Yaya Haladu," in ji ta, kuma ban taɓa jin ta kira shi Yaya ba, "ai dukanmu muka ce tsamiya ce."

"Ku kun ce. Ni na tuƙa."

"Asibi ba mai riƙo ba ce. Ka fi ni sani."

Da rana ta take, ya miƙe ya ce yana son maza da gatari gobe.

Abin da ya rage na ranin ya ƙare a aiki. Aka tafi har wajen Doguwa aka saro gora masu tsawo, aka haɗa su biyu-biyu aka ɗaure da waya. Ya zagaya maƙabarta daga waje, ya haƙa rami a kowace kusurwa da daginsa, aka kafa gorar aka danne gindinta da duwatsu. Inda ruwa ya buɗe ƙasa ya bi ya rufe, yana taka tsakanin layuka da yatsun ƙafa kamar yadda ya saba. Sale da mutanensa suka zo suka taya shi ɗaukar duwatsu, ba wanda ya kira su. Sale ya yi alkawari babu Basarken da zai jefa koma a tsakanin gorar nan. A cikin gari babu wanda ya yi masa dariya a gabansa. Ta bayansa kuwa an yi, ba zan ɓoye ba.

Damina ta gaba ta yi kyau, ruwa ya komo ya rufe komai, kawunan gora suka tsaya a sama da tsummoki fari a ɗaure. Yanzu al'amarin ya zama mai sauƙi: hanya miƙe ita ce mai tsabta, babu sauran abin kauce wa. Ranar kasuwar Burumburum ta farko bayan cikar ruwa, muka shiga jirginsa kamar kullum, Goggo Baraka da ƙwaryar daddawarta a cinya. Ya tura jirgi da bisimilla, ya miƙe. Ana hirar farashin gyaɗa da auren wata yarinya. Muna kusantar maɗaci, sai hirar ta mutu. Babu wanda ya shirya haka. Na ga hannuna a kan hulata, mata sun dafe ƙorai, jirgi duka ya jingina dama. A daidai nan filafili ya shiga ruwa, hancin jirgi ya faɗa hagu, gorar farko ta taho mana.

Kawu ya farga kafin mu kai. Ya soka filafili ta gaba ya danne da ƙirjinsa, jirgi ya yi gunji ya tsaya yana rawa, ruwa ya zubo ta gefe. Tsakaninmu da gorar bai fi tsawon jirgin ba. Ya ja da baya a hankali, ya daidaita hanci da dutsen gabas, ya kai mu gaɓa. Da yamma ya komo da mu, wannan karon yana ta kallon hannuwansa, gumi yana zuba, kamar mai tuƙa jirgi a cikin hadari, alhali ruwa lumui yake. Da muka sauka ya ja kwalekwalen kan yashi, ya ɗauki filafili ya nufi bukkar Sale. Sale ne ya gaya mini abin da ya faɗa masa, domin ni ban bi shi ba. Ya ce kansa ya san gaskiya yanzu, amma hannunsa ya riga ya haddace kuskure, kuma ba zai jira ranar da hannun zai riga kan ba. Sale ya roƙe shi ya ƙara gwadawa, ya ce jiki yakan saba. Kawu ya ce ya sani, amma ba a kan Asibi zai koya ba.

Bai sake tuƙi ba. Jirgin ya koma hannun wani ɗan gidan Sale. Shi kuwa ya koma ga daginsa a maƙabartar sabon gari, wadda a lokacin ta fara cika, da ɗan noman rani a bakin ruwa inda yake shuka tumatir. Daga cikin gonar ana hango gora, kuma duk jirgin da ya matsa kusa da su yakan ji muryarsa daga gaɓa. Goggo Baraka ta koma zolayarsa bayan ɗan lokaci, tana cewa tun da ya bar ruwa zanenta bai sake jiƙewa ba, amma hanyar ta yi mata gajarta, ba ta gama tuna mutanenta ake isa.

Gora ba ta daɗewa a ruwa. Duk sa'ad da ɗaya ta ruɓe ko iska ta kwantar da ita, sai Kawu ya saro wata ya je wajen Sale. Sale da kansa yake tuƙa shi, ya bi ta waje ya tsaya a kusurwa, samari su nutse su kafa sabuwar. Har shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Kawu, wadda ita ce ta ajalinsa, bai bari an yi wannan aiki ba ya wurin ba. Na raka su sau da yawa. Yakan zauna a tsakiyar jirgi, nesa da filafili, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su, ba ya fitar da su sai jirgi ya tsaya cik.